Hangen Gona Daga Sama: Sabuwar Sana'a Ga Ƙananan Kamfanoni

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Kurmi, ko yana Agege, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, da wuya a ce bai bar wani abu can gida ba: gonar gado, ko 'yar fadama, ko shanu a hannun makiyayi, ko fulotin da ya saya yana jiran ranar gini. Da damina ta faɗi sai a shiga aika kuɗin taki da na noma, daga nan kuma sai zaman jiran labari. Wani a ce masa ruwa ya ɗauke, wani a ce ambaliya ta cinye shukar, wani kuma a ce maƙwabci ya ci iyaka. Duk wannan ji ne kurum, mai dukiya bai gani da idonsa ba.

To, ga wani al'amari da ya kamata jama'armu su san da shi. A halin yanzu akwai na'urori masu yawa da ke kewaya duniya can cikin sararin samaniya, waɗanda ake kira taurarin ɗan-adam, kuma babu wata gona ko fadama ko burtali a ƙasar nan da ba sa bi ta kansa cikin kowane mako suna ɗaukar hoto. Da yawa daga cikin hotunan nan kyauta ne ga duk mai intanet. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna ya karanta hoton, ya taka ƙasa ya tabbatar, sa'an nan ya gaya wa manomi ko makiyayi ko ɗan kasuwa ma'anarsa da harshen da yake ji. A ƙasashe da dama ƙananan kamfanoni ne suka rungumi wannan aiki, suna kuma cin abinci da shi. Saura mu duba ko za a dama da mu, ko kuwa za mu zauna waɗansu su auna mana ƙasarmu su sayar mana da labarinta.

Yadda Tauraron Ke Gani

Ran 23 ga watan Yuli 1972 Amurka ta harba tauraro na farko da aka ƙera musamman domin duban doron ƙasa, wanda daga baya aka raɗa wa suna Landsat. Watau ya tashi ne daidai lokacin da babban farin nan na 1972 zuwa 1974 yake kashe dabbobi a Arewa da Jamhuriyar Nijar, farin da ya koro mutane da yawa zuwa Kudu. Tun daga lokacin ba a daina ɗaukar hoto ba, domin in wani ya tsufa sai a harba magajinsa, har aka kai ga na 9 a shekarar 2021. Saboda haka akwai hotunan ƙasar nan a ajiye waɗanda suka faro tun fiye da shekara 50 da suka wuce.

Landsat na yanzu yana tafiya ne a nisan kilomita 705 daga ƙasa, yana kewaye duniya cikin minti 99, kuma yakan komo kan wuri guda bayan kwana 16. Tarayyar Turai ita ma tana da nata, mai suna Sentinel-2, wanda aka harba na farkonsa a 2015, kuma tun da aka ƙara masa abokin tafiya sai ya zama duk kwana 5 ana samun sabon hoton wuri. Hoton tauraro an yi shi ne da ƙananan ɗigo-ɗigo kamar saƙar hula. A hoton Landsat kowane ɗigo yana wakiltar fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30, a na Sentinel-2 kuwa mita 10 ne. Gona mai hekta ɗaya, watau wajen eka biyu da rabi, za ta fito da ɗigo 100 ke nan a hoton Sentinel-2. Ana iya ganin gonar da siffarta, amma ba a ganin mutum ko saniya ko karan dawa.

Babban sirrin abin yana ga haske. Lafiyayyen ganye yakan shanye jan hasken rana domin haɗa abincinsa, ya kuma mayar da wani irin haske da idon ɗan-adam ba ya gani, amma na'urar tauraro tana gani. Idan shuka ta ji ƙishi ko ciwo ya kama ta, sai wannan hasken da take mayarwa ya ragu. Da aka gwama jan hasken da wancan ɓoyayyen, sai kwamfuta ta fitar da lamba mai nuna ƙarfin tsiro a kowane ɗigo. Da wannan lamba ake gane inda ciyawa ta yi kyau, da inda gero ya tsaya, da inda aka sare daji, da inda rairayi ke matsowa kamar yadda yake yi a ƙasar Yusufari ta Jihar Yobe.

A dā wannan ilmi na masu hali ne. Bayan da Amurka ta miƙa cinikin hotunan Landsat ga 'yan kasuwa a 1985, kuɗin hoto guda sai da ya haura dala 4,000, ko jami'o'i ma sai sun yi da gaske. A 2008 gwamnatin Amurka ta ce kowa ya ɗauka kyauta, Turai ma ta bi sahu da nata taurarin. Wannan shawara ita ta buɗe wa ƙananan kamfanoni ƙofa, domin jarin da ake bukata yanzu bai wuce kwamfuta da intanet da wutar da za ta riƙe su da ilmin aikin ba.

Abin Da Hotunan Suka Riga Suka Nuna

Kowa ya san labarin Tafkin Chadi. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, amma bayan fare-faren shekarun 1970 da na 1980 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Masunta da manoman Baga da Doron Baga sun ga wannan da idonsu, amma hotunan sama ne suka sa duniya ta yarda. Haka kuma hotunan ne suka nuna cewa tun daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, yana cika yana janyewa bisa ga yawan ruwan da kogin Shari ya kawo. Watau hoton yakan gyara zancen da ya wuce gona da iri, kamar yadda yake tabbatar da na gaskiya.

Labari na biyu ya fi kusa da mu, domin a ƙasar Hausa ya faru. Bayan yunwar 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka soma barin tohon da ke fitowa daga kututturan itatuwa a gonakinsu, su zaɓi mai ƙarfi su rage sauran, maimakon su sassabe kome su ƙone. Shi ne abin da suke kira sassaben zamani. Shekara da shekaru ana wannan aiki ba tare da manyan hukumomi sun lura ba, har wani masani ɗan Amurka mai suna Gray Tappan ya ɗauko hotunan jirgin sama na 1975 ya gwada da hotunan tauraro na wajen 2005. Shi da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa fili mai hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa, kimanin itace miliyan 200, da yawansu gawo ne, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar shuka ta sha rana, da rani kuma ya ciyar da dabbobi. An ba da labarin cewa a waɗansu wurare ana iya gane kan iyakar Nijar da Nijeriya daga sama, domin ɓangarensu ya fi namu itatuwa. Wannan abin tunani ne ga mutanen Daura da Jibiya da Maigatari.

Na uku shi ne ambaliya. A 2012 ruwa ya kashe mutum 363 ya raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, tun daga Jigawa har Bayelsa, kuma direbobinmu ba za su manta da kwanakin da suka yi a Kotonkarfe ba sa'ad da ruwa ya yanke hanyar Lakwaja, kaya na ruɓewa a cikin mota. A irin wannan lokaci gajimare kan rufe sama, hoton yau da kullum ba ya fita. Amma akwai taurari masu aiki da na'urar rada, irin su Sentinel-1 da aka fara harbawa a 2014, waɗanda ke ratsa gajimare dare da rana su nuna iyakar inda ruwa ya kwanta.

Ƙaramin Kamfani Ne Ya Ƙera Tauraron Nijeriya

Mutane da yawa suna zaton harkar sararin samaniya ta manyan gwamnatoci ce kaɗai. Tarihin ƙasarmu ma ya nuna ba haka ba ne. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, kuma ran 27 ga Satumba 2003 aka harba tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, daga ƙasar Rasha. Wanda ya ƙera shi wani kamfani ne na Ingila mai suna Surrey Satellite Technology, wanda waɗansu malamai da ɗaliban Jami'ar Surrey suka kafa a 1985 ƙarƙashin jagorancin Martin Sweeting. Dabararsu ita ce su yi ƙaramin tauraro mai araha da kayan lantarkin da ake samu a kasuwa. A wurinsu injiniyoyinmu suka koyi aiki, har suka haɗa NigeriaSat-X da hannunsu, aka harba shi tare da NigeriaSat-2 ran 17 ga Agusta 2011. NigeriaSat-2 yana iya rarrabe abin da ya kai mita biyu da rabi, amma an ƙera shi ne domin ya yi shekara 7 yana aiki, kuma wannan wa'adi ya daɗe da wucewa.

A Amurka kuma waɗansu samari uku da suka bar aikin hukumar NASA sun kafa kamfanin Planet a 2010, a cikin garejin wani gida suka fara. Taurarinsu ƙanana ne, tsawon kowane bai wuce santimita 30 ba, nauyinsa wajen kilo 5, watau ɗan yaro ma zai iya ɗauka. A watan Fabrairu 2017 suka harba guda 88 a tashi ɗaya cikin rokar ƙasar Indiya, suka kai ga ɗaukar hoton doron duniya kusan kullum. Nasu hotunan na sayarwa ne.

Ba muna cewa 'yan'uwa su tara kuɗi su ƙera tauraro ba ne. Akwai isassu a sama. Inda aikin yake shi ne nan ƙasa, tsakanin hoton da mai bukatarsa, kuma akwai misalai daga maƙwabtanmu na yadda ake yi.

Makiyayi Da Wayarsa

A ƙasar Mali, cikin 2017, aka buɗe wani shiri mai suna Garbal domin makiyayan yankin Gao. Kafin makiyayi ya kaɗa shanunsa tafiyar kwanaki, sai ya buga waya a gaya masa da harshensa inda ciyawa take, da inda tafki bai ƙafe ba tukuna, da yawan dabbobin da suka riga shi zuwa wurin, da farashin dabba da na hatsi a kasuwannin da ke kan hanya. Ƙungiyar raya ƙasa ta Holan mai suna SNV ce ta haɗa shirin, kamfanin waya na Orange ya ba da layi da masu amsa kira, amma wanda ke sarrafa hotunan tauraro ya fitar da taswirar ciyawa da ruwa wani ƙaramin kamfani ne mai suna Hoefsloot Spatial Solutions. Ƙungiyar makiyayan wurin kuma ita ke aiko da labarin farashi da na ingancin ciyawa, domin tauraro ba ya zuwa kasuwa. Daga baya shirin ya isa Burkina Faso da Jamhuriyar Nijar. Mai karatu ya duba yawan rikicin da ake yi a ƙasar nan a kan kiwo da burtali, ya kuma ƙiyasta amfanin da makiyayi zai samu in ya san inda zai nufa tun kafin ya tashi.

A arewacin Kenya kuwa inshorar dabbobi aka gina a kan wannan lambar ƙarfin tsiro da muka ambata. An fara a yankin Marsabit a 2010. Makiyayi yakan biya ɗan kuɗi kafin lokacin ruwa, in hoton tauraro ya nuna ciyawar yankinsa ta faɗi ƙasa da wani ma'auni da aka yi yarjejeniya a kai, sai a biya shi, ba sai wani jami'i ya zo ƙirga mushe ba. Da yake mutanen yankin Wajir Musulmi ne, a 2013 kamfanin Takaful Insurance of Africa ya fito musu da irin wannan bisa tsarin takaful, aka kuma yi biyan farko a 2014. Wani kamfanin Kenya mai suna Pula, wanda aka kafa a 2015, ya shigo da inshorar ƙananan manoma har Nijeriya, yana haɗa bayanin tauraro da awon amfanin gona da wakilansa ke yi a ƙauyuka.

Masu Harkar Koko, A Saurara

Wannan ɓangare ya shafi 'yan'uwanmu da ke Ondo da Oshun da Ikom ta Kuros Riba, masu sayen koko da masu aiki a gonakinsa da masu dakonsa zuwa tashar jiragen ruwa. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa ba za a shigar da koko, ko kofi, ko manja, ko roba, ko waken soya, ko katako, ko naman shanu kasuwarta ba sai an nuna cewa ba a noma shi a filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020 ba. An ɗage ranar fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya, amma ba a soke ta ba. Akasarin kokon ƙasar nan kuwa Turai yake tafiya.

Yadda za a tabbatar shi ne, kowace gona sai an ɗauki lambobin da ke nuna daidai inda take a doron ƙasa, in kuwa ta wuce hekta 4 sai an zana iyakarta gaba ɗaya. Daga nan sai a ɗora zanen a kan hoton tauraro na 2020 a gani ko daji ne a lokacin. Kokon da aka noma cikin gandun dajin gwamnati, irin wanda ya kutsa gandun Omo na Jihar Ogun, ba zai wuce ba, kuma buhu ɗaya da ba a san asalinsa ba yana iya jawo wa dukan kayan da aka gauraya da shi matsala. Ɗan kamashon da ya saba tara koko daga hannu goma ba tare da rubuta sunan kowa ba, lalle ne ya canja hali, in ba haka ba manyan masu saye za su juya masa baya.

Amma a cikin wannan wahala akwai aiki. Gonakin koko dubbai ne, kuma kowace sai mutum ya kewaye ta da ƙafa riƙe da waya ko na'urar awo. Kamfanin Meridia na ƙasar Holan da wannan ya tashi, yana auna gonakin ƙananan manoma a Gana, wani kuma mai suna Satelligence yana duba wa manyan masu sayen koko inda ake sare daji. Babu abin da suke yi wanda yaran da suka yi karatu a Akure ko Ife ko Zariya ba za su iya ba, balle ma wanda ya tashi a cikin harkar, ya san manoman, yana jin Yarabanci da Hausa.

Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Kada mai karatu ya ɗauka tauraro ya san kome. Da damina, lokacin da aka fi bukatar hoton, gajimare kan rufe Kudu har a yi makonni ba a sami mai kyau ba. Da hunturu hazo yakan dusashe shi. Gonakinmu ƙanana ne, kuma mun saba haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri ɗaya, abin da ke rikita kwamfutar da aka koya wa aiki da manyan gonakin Turai masu shuka iri guda. A fadamar Haɗejiya da Nguru tauraro zai nuna kore shar, mai kallo daga nesa ya ce albarka ce, alhali kuwa kacalla ce ta toshe hanyoyin ruwa ta hana noma da su tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa. A Kurmi kuma gonar koko da ke ƙarƙashin manyan itatuwa takan yi kama da daji, sai manomin da ya gaji gonarsa tun kakanni a zarge shi da sabon sara.

Maganin duk wannan shi ne mutum ya je wurin ya gani, ya rubuta abin da ya tarar, a gyara wa kwamfuta fahimtarta. Babban kamfanin da ke zaune a Turai ba zai iya aika mutum Guri ko Idanre duk mako ba, in ma ya aika ba lalle a gaya masa gaskiya ba. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan shi ne babban jarin ƙaramin kamfani na gida, kuma babu mai iya ƙwace masa shi.

Inda Za A Yi Hattara

Taswira makami ce. Wanda ya riƙe zanen gonakin ƙauye ya san wadda ke da albarka, da wadda ba a noma ba bana, da wadda mai ita ke Ikko shekara goma bai leƙo ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, akasarin gonakin gado kuwa ba su da takarda. Jihohi sun soma ajiye bayanin filaye a kwamfuta: Abuja ta fara a 2003, Kaduna ta kafa tata hukumar a 2015, Kano da Nasarawa ma suna da nasu. Filin da hoton sama ya nuna shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, yana da sauƙi wani ya ce ba shi da mai shi. Saboda haka duk wanda ya zo auna gona, a tambaye shi wa ya aiko shi, ina zai kai bayanin, kuma a nemi a ba mai gona nasa kofen.

Haka nan a kula da 'yan damfara, domin kowace sabuwar sana'a da nata. Awon da aka yi da wayar hannu yakan kauce da 'yan mitoci, a ƙarƙashin itatuwa ma ya fi haka. Ya isa a san girman gona domin lissafin taki ko neman rance, amma bai isa a raba gardamar iyaka ba. Takardar awon da hukuma ke karɓa wajen neman shaidar mallaka sai safiyo mai rajista ya sa mata hannu. Mai son tayar da ƙaramin jirgi maras matuƙi domin ɗaukar hoto kuma sai ya nemi izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da na jami'an tsaro.

Ina Namu Rabon?

Masu bukatar wannan aiki suna nan cikinmu. Dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 zai so ya san tun watan Disamba yawan filin da aka shuka a Kadawa da Kura da Danja, mai albasa ya san halin da Aliero ke ciki, kafin su ɗaure ciniki. Mai injin casar shinkafa da ya ba manoma bashin taki zai so ya san gonakin da ruwa ya ci da waɗanda suka tsira, domin kada a zalunci kowa wajen biya. Ƙungiyar masu manyan motoci za ta amfana da sanin inda ruwa ya kai a hanyar Lakwaja kafin a ɗora kaya. A watan Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, ga kuma hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa mai aiki a jihohi 11 na bakin hamada. Irin waɗannan ayyuka suna bukatar mai zuwa ya ƙirga itacen da ya rayu bayan an watse daga bikin dashe, kuma gara ɗan ƙasa ya yi ƙirgar.

Wurin koyo bai yi nisa ba. A harabar jami'ar Ife akwai cibiyar koyar da awon ƙasa daga sama da aka kafa tun 1972 domin ƙasashen Afirka, wadda yanzu ake kira AFRIGIST. A garin Oyo akwai Makarantar Safiyo ta Tarayya. Jami'ar Fasaha ta Akure tana koyar da wannan fanni, a Jos akwai cibiyar hukumar NASRDA mai kula da hotunan tauraro, ga kuma sassan nazarin ƙasa na jami'o'in Zariya da Kano da Minna. Manhajar da ake aikin da ita ma, irin su QGIS, kyauta ake ɗauka.

Shawararmu ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke Kudu ita ce, kamar yadda ake haɗa kuɗi a saya wa yaro babur ko a buɗe masa tireda, a zaɓi yara biyu ko uku masu ƙoƙari a lissafi, maza da mata, a tura su wannan karatu, in sun gama a haɗa musu kwamfuta da fantekar hasken rana. Aikinsu na farko ya zama na 'yan ƙungiya: a auna gonar kowa da ke gida, a ajiye zanenta, a riƙa aiko masa da bayanin halin da take ciki duk wata a kan ɗan kuɗi kaɗan. Wannan zai rage zargi tsakanin mai aika kuɗi da ɗan'uwansa mai riƙon gona, domin in fari aka yi hoton zai nuna duk yankin ya bushe, ba sai an yi ta rantse-rantse ba. Yaran kuma za su sami hannu, su san inda hoto ke gaskiya da inda yake ruɗi, kafin su fita neman kwangilar manyan kamfanoni da gwamnatoci.

Kakanninmu da suka buɗe hanyar goro zuwa Gwanja da Kurmi sun ci riba ne saboda sun riga kowa sanin hanya da farashi. Yau ma wanda ya riga sanin halin da ƙasa ke ciki shi zai yanka farashi, a kasuwar hatsi da ta dabbobi da ta filaye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma tsare mana abin da muka bari a gida.